Sai ɗa ya zama likita ko injiniya ne za a ce ya yi albarka?

Sadiq_TudunWada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai iyaye da malamai a cikinmu. Ƙanwata ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Bara ta rubuta JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, aka ba ta gurbin karatu a fannin koyar da ilimin halittu, Baba ya ce ba za ta je ba, shi likitanci ya tsara mata. Bana ta sake rubutawa, makin ya ƙaru amma bai kai wanda ake nema ba, yanzu kuma ana maganar ta ƙara zaman wata shekarar a gida. Yarinyar nan kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a zaurenmu, ta jingina ɗan allon katako a jikin bango, yaran layi su cika wajen tana koya musu lissafi, ba wanda ya sa ta, ba wanda ke biyanta. Da bakinta ta faɗa wa Mama koyarwa take so. Da maganar ta kai kunnen Baba sai ya ce, "Duk kuɗin makarantar da na kashe, a ƙare a malamar makaranta?" Tun daga ranar ta daina fitowa zauren.
Tambayata ita ce, yaushe muka mayar da karatu tsanin neman aiki kawai? Kuma wa ya yanke mana cewa sai likita da injiniya da lauya ne suka ci nasara, sauran duk cikon benci ne?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Wallahi Sadiq kamar ka leƙa gidanmu. Ko a wajen biki ka lura da yadda ake gabatar da 'ya'ya. "Wannan ita ce Dakta, wannan shi ne Barista," in an zo kan wanda ya karanta Hausa ko aikin gona sai a ce "wannan kuma ƙaninsu ne," a wuce. Yaran suna ji fa, kuma suna riƙewa.

Alh_Garba_Kawo:
Sadiq ɗana, na karanta maganarka, kuma ina ganin ni sa'an mahaifinka ne ko na girme shi, don haka bari in faɗa maka abin da wataƙila shi ba zai iya faɗa maka ba. Ba son a kira shi baban Dakta ne kaɗai ke damunsa ba. Tsoro ne.
Mu da muka taso a garin nan na Kaduna mun ga lokacin da Kakuri, unguwar masana'antu, take Kakuri. Masaƙar KTL tun 1957 ta fara aiki, ga masaƙun Arewa Textiles da UNTL, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975, ga matatar mai da aka buɗe a 1980. In aka tashi daga aiki da yamma, kekuna ne ke cika titi har ba ka iya tsallakawa. Mutum da takardar firamare ko ta sakandare zai sami aiki, ya yi aure, ya gina ɗakuna biyu, ya sa yara a makaranta. Da KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, na ga magidanta masu mutunci sun koma gadi da acaɓa, wasu har suka rasu ba su karɓi haƙƙinsu ba. Duk uban da ya ga wannan da idonsa, in ya dubi 'yarsa, abin da yake nema mata shi ne aikin da ba a rufe ƙofarsa. Kuma a ganinsa asibiti ba ya rufewa, don ciwo ba ya ƙarewa.
Ban ce ya yi daidai da ya zaunar da ita ba. Amma kada ku ɗauke shi azzalumi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Zee_Malali:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma wani lokacin abin da babba ya hango na zamaninsa ne. Yau likitocin ma guduwa suke yi Saudiyya da Ingila.

Malam_Nura_Firamare:
Ni abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan shi ne kalmar "a ƙare a malamar makaranta". Ni malamin firamare ne, kuma na saba jin irinta, har daga bakin iyayen yaran da nake koyarwa.
Jama'a mu tuna su wane ne suka kafa Arewa. Sardauna ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato. Tafawa Balewa malamin makaranta ne a Bauchi. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru. Shehu Shagari ma da alli ya fara. Kwalejin Katsina da ta yaye da yawa daga cikin manyan nan, don horar da malamai aka kafa ta. A wancan lokacin yaron da ya fi kowa ƙoƙari shi ake zaɓa ya zama malami. Yau mun juya abin. A 'yan shekarun nan JAMB ta sha sanya maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi, jami'a kuma 140 ko sama da haka. Ma'ana wanda ya rasa ko'ina shi muke tura wa aji. Sannan a 2017 da gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 cikin kusan 33,000 ba su kai makin da ake so ba, kowa ya riƙe baki yana salati. To me ake tsammani? Kun hana masu ƙoƙari shiga, kun raina waɗanda suka shiga, albashin ba ya kai rabin wata.
Yarinya irin ƙanwar Sadiq, mai ƙoƙari kuma mai son aikin, irinta muke nema ido rufe. Kuma ita ce ake kullewa a ɗaki tana jiran likitanci.

Tsohon_Barewa:
Malam Nura ka yi gaskiya. Ƙarin bayani kaɗan ga matasa: a 1921 aka kafa kwalejin a Katsina, aka dawo da ita nan Kaduna a 1938, sannan aka mayar da ita Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Malam Aminu a zamanta na Kaduna ya yi karatu. Amma kada mu manta Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda asibitin cikin gari ke ɗauke da sunansa. Tun lokacin ana girmama likita, sai dai ba a raina malami ba.

Dr_Ummi:
Bari in yi magana a matsayina na wadda ke cikin aikin. Da farko, rashin samun likitanci ba alamar yaro daƙiƙi ne ba. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwarta. Masu nema dubbai, gurabe kaɗan. Dole a bar masu ƙoƙari da yawa a waje, ko da kowa ya ci maki mai yawa.
Na biyu, iyaye ba su san abin da suke tura yaro ciki ba. Shekara shida in ba yajin aiki, sai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa, in kana son ƙwarewa kuma wasu shekarun ne masu yawa da jarrabawa kan jarrabawa. Za ka kwana a tsaye, ka duba mutum sittin ko fiye a wuni, ka fita ka gaya wa uwa ɗanta ya rasu, ka wanke hannu ka shiga wajen na gaba. Wanda yake so ma yana gajiya, balle wanda aka tura.
A ajinmu akwai wani yaro, duk gefen littafinsa zanen gidaje ne, gini yake so ya karanta. Mahaifinsa ya rantse sai likitanci. Ya faɗi jarrabawar aji biyu zuwa uku, ya maimaita, ya sake faɗuwa, aka sallame shi. Ya fi shekara yana fita da farar riga kullum da safe don kada a gane a gida. Duk lokacin da na ji uba yana cewa "sai likita", shi nake tunowa.
Ni ina son aikina, kuma muna matuƙar buƙatar likitoci mata a Arewa, wannan ba abin musu ba ne. Amma wadda za ta zo, ta zo da ƙafarta.

Zee_Malali:
Innalillahi. Fita da farar riga shekara guda. Allah ya sa iyaye su karanta wannan.

Abba_Panteka:
Salam. Ni ban yi zurfi a boko ba, daga sakandare na tsaya, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Walda da ƙira nake yi a tsohuwar Panteka. Injin niƙa, injin casar masara, ƙofofi, tankin ruwa, murhun gidan burodi, duk muna yi. Ina da yara tara a ƙarƙashina, uku daga cikinsu masu digiri ne, da kansu suka zo bayan sun gama bautar ƙasa sun gaji da yawo da fayil.
Abin da nake so in faɗa shi ne, duk shekara ɗaliban injiniya daga manyan makarantu suna zuwa wajenmu da zane a takarda, mu haɗa musu injin da za su kai a ba su maki. Wani ko riƙe abin walda bai iya ba, in tartsatsi ya tashi sai ya ja da baya. Ba laifinsu ba ne, ba a ba su kayan aiki sun taɓa ba. Su sun san lissafin da ni ban sani ba, in suka yi mini bayanin dalilin da ya sa ƙarfe kaza ke lanƙwashewa ina ƙaruwa sosai. Da za a haɗa nasu da namu da an ga abin mamaki a garin nan. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ma a nan Kaduna hedikwatarta take, kuma yanzu akwai tsarin ba masu sana'a takardar shaidar ƙwarewa.
Amma duk da haka, in na je taron dangi da hannuna mai kanta da baƙin mai a farce, wanda na biya wa kuɗin makaranta shi ake ba kujera, ni a ce in je in duba ko abinci ya iso.

Hajiya_Binta_UngRimi:
Abba, Allah ya yi wa sana'a albarka. Amma 'yan zaure mu daina yaudarar kanmu. Duk masu yabon sana'ar hannu a nan, in mutum biyu suka zo neman 'yarku, ɗaya mai walda da ke samun dubu ɗari biyar a wata, ɗaya ma'aikacin banki ko na gwamnatin tarayya da ke ɗaukar rabin haka, wa za ku ba? Ni na yi shekaru ina shiga maganar aure a dangi. Tambayar farko da ake yi wa waliyyi ita ce "a ina yake aiki?" In aka ce sana'a yake yi, sai ka ji an ce "to, Allah ya sa dai mai ɗorewa ce." A nan ake yanke hukuncin waye ya ci nasara, ba a makaranta ba. Yaro yana kallon wa aka ba mata, wa aka hana.

Abba_Panteka:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. An taɓa hana ni, kuma dalilin da aka bayar ke nan, wai ba ni da "tsayayyen aiki". Alhamdulillahi yanzu ina da iyali. Amma yarana biyu na shago suna cikin wannan halin a yanzu haka.

Yakubu_SabonTasha:
Ina gaishe ku duka. Kada ku ɗauka a gidajen Musulmi ne kawai, mu ma a namu ɓangaren haka abin yake. A coci in yaro ya sami likitanci ko lauya sai iyaye su yi godiya ta musamman, a kira su gaba. Wanda ya koma gida Kachia yana noman citta, ko da ya fi kowa samu, ba a kiransa gaba. Kawuna da citta ya koyar da 'ya'yansa biyar har jami'a, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya yarda ya koma gonar, shi ma bai so su koma ba. Yanzu ya tsufa, gonar tana hannun 'yan haya.

Kwamared_Rigasa:
Ku duk kuna ta zagaye-zagaye. Matsalar ba iyaye ba ce, gwamnati ce. A ƙasar da ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, za ta yi wata takwas tana yajin aiki kamar yadda aka yi a 2022, ɗalibi ya shiga karatun shekara huɗu ya fito a shida, ya gama kuma a ce sai ya san wani ko ya sayi gurbin aiki, har majalisar wakilai ta yi zaman bincike kan cinikin guraben aiki a 2023, me kuke so uba ya yi? Dole ya nemi kwas ɗin da ko babu uwa a gindin murhu za a ci abinci da shi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000, je ka kasuwar Barci ka ga abin da za ta saya maka. A gyara ƙasa, ku ga in wani zai damu da abin da ɗansa ya karanta.

Admin_Zaure:
Kwamared a yi haƙuri, kada mu koma siyasa, mun san inda take kai mu. Maganar ƙanwar Sadiq ake yi da yadda muke auna nasara.

Kwamared_Rigasa:
Admin ai duk abu ɗaya ne, amma na ji.

Fati_Injiniya:
Ina so in ƙara a kan maganar Abba. Ko a cikin masu kwalin ma akwai 'yan bora. Ni HND na yi, wato babbar difloma ta kwalejin fasaha, a fannin lantarki. Mun fi 'yan jami'a taɓa waya da mita, amma wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma sai a nuna maka kai na biyu ne. Majalisa ta amince da ƙudirin soke bambancin HND da digiri a 2021, ba a sa masa hannu ya zama doka ba. To yaro yana ganin haka zai yarda ya tafi kwalejin fasaha da son ransa?
Ni dai na daina jira. Sola nake haɗa wa gidaje da shaguna, ni da ƙannena biyu. Ranar farko da na hau rufin wani gida a Barnawa da hijabina da igiya a ƙugu, matan gidan fitowa suka yi suna kallo, uwar gidan tana ta cewa in sauko kada in faɗo. Da fitila ta kama, ita ce ta fara tambayata ko zan koya wa 'yarta. Mahaifiyata kuwa har gobe in an tambaye ta sai ta ce "tana nan tana jiran aiki."

Ustaz_Kinkinau:
Bismillah. 'Yan'uwa, ina ganin mun bar asali. Ilimi a wajenmu ibada ne kafin ya zama hanyar abinci, kuma arziki Allah ya riga ya raba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi Dawud, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci, kuma ba a taɓa cin abincin da ya fi wanda mutum ya samu da hannunsa ba. Malamai sun ce duk sana'ar da al'umma ba za ta rayu sai da ita ba farilla ce ta kifaya, likitanci ne, noma ne, ƙira ce, koyarwa ce. In kowa ya zama likita wa zai koyar da likitan karatu tun yana aji ɗaya?
Da can in an ce wane ya yi albarka, ana nufin yana jin ƙan iyayensa, yana riƙe zumunci, ba ya cin haram, maƙwabta sun huta da shi. Yau in an ce ya yi albarka, mota ake nufi da gida a Malali ko Abuja, ba a tambayar ta ina. Wannan shi ya sa yaro ke satar amsa a jarrabawa da sanin ubansa, har uban ne ke biyan kuɗin cibiyar da za a ba shi amsar. Sai dai kuma ina jan hankalin Sadiq, biyayya ga mahaifi wajibi ce, a bi shi da lalama, kada a yi masa tawaye.

Zee_Malali:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa. Inda nake da ja shi ne, mu mata kullum da biyayya ake rufe mana baki. Ta yi biyayya shekara biyu tana zaune. In ta ƙara ta uku ba ta samu ba, abin da zai biyo baya mun san shi, za a ce tunda karatun ya ƙi, ga miji. Shi ke nan ba likitancin, ba koyarwar. Shi uba ba shi da haƙƙin ya saurare ta?

Ustaz_Kinkinau:
Yana da shi ƙwarai, 'yata. Shawara da 'ya'ya a kan abin da ya shafi rayuwarsu koyarwar addini ce. Ban ce a zaunar da ita ba, hanyar da za a bi a shawo kansa nake magana.

Mubarak_Tarihi:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai rabin tambayar Sadiq da ba wanda ya taɓa. Kowa yana kare sana'arsa da cewa ita ma ana samun kuɗi da ita. Abba yana samu, Fati tana samu, mai citta yana samu. Ma'ana har yanzu da mudun kuɗi muke awo, mun dai faɗaɗa bakinsa ne. To karatun da ba ya kawo kuɗi fa, ba shi da amfani ke nan?
Ni tarihi na karanta a Zariya, kuma tambayar da na fi sha ita ce "me za ka yi da shi?" A garin nan muke da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, cike da takardu da rubuce-rubucen ajami, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa ita ma a nan Kaduna. Ka shiga ka ga mutum nawa ne a ciki, kuma nawa ne 'yan garin. Marigayi Dakta Bala Usman da tarihi ya tsaya ya ƙalubalanci masu mulki da masu raba kan jama'a da sunan ƙabila da addini har ya rasu a 2005. Garin da ya sha rikici irin namu, har aka raba unguwanni tsakanin wannan haye da wancan, yana buƙatar mutanen da suka san yadda aka yi aka zo nan. An yi shekaru an cire tarihi daga darussan ƙananan makarantu kafin a dawo da shi, kuma ba mu yi wani ƙorafi ba, don ba ya cikin abin da ake cin abinci da shi.
Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma ina taimaka wa yayana a shago. Ba ni da mota. Amma ban taɓa jin na yi asarar shekaruna ba.

Alh_Garba_Kawo:
Mubarak, maganarka ta shige ni. Sai dai ka faɗa da bakinka, akwai shagon yayanka. Wanda ba shi da yaya mai shago fa? Ɗan talaka da uwarsa ta sayar da akuya ta biya masa kuɗin rajista, yana da ƙanne shida suna jiransa, ba shi da sararin karatu don jin daɗin sani.

Mubarak_Tarihi:
Haka ne Baba, ban musa ba. Amma in muka tafi a haka, tarihinmu da harshenmu da adabinmu sai 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su karanta, ko kuma baƙi su zo su rubuta mana. Wannan ma abin tsoro ne.

Maman_Ilham:
Tun daga SS1 ake fara ɓarnar. Makarantar su Ilham da aka zo raba aji, duk wanda ya yi na ɗaya zuwa na ashirin aka tura ajin kimiyya ba tare da an tambaye shi ba, sauran aka watsa su ajin adabi da na kasuwanci. Yaran da kansu suna kiran ajin adabi ajin marasa ƙoƙari. Ilham ta fi son Turanci da Hausa, tana rubuta gajerun labarai a bayan littafinta, amma kuka ta yi mini kada in bari a fitar da ita daga kimiyya don ƙawayenta za su yi mata dariya. Shekararta goma sha huɗu.

Sadiq_TudunWada:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a tattauna haka ba. Baba Alhaji, abin da ka faɗa game da tsoro gaskiya ne, mahaifinmu ma tsohon ma'aikacin masaƙa ne, da ɗinki ya riƙe mu bayan an rufe. Wani ya tambaye ni ta akwatin sirri me ya sa ba za a kai ta waje ba. Ba mu da halin haka, kuma mun ga yadda ɗaliban da ke Sudan suka dawo a 2023 da yaƙi ya ɓarke, wasu karatun ya tsaya. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ita kanta. Ba ta cin abinci sosai, ba ta fira, in ƙawayenta da suka shiga aji biyu a jami'a suka zo hutu sai ta ce a ce tana barci.

Anti_Nas_Badarawa:
Sadiq, wannan da ka faɗa na ƙarshe kada a yi wasa da shi. Yarinyar da ta daina ci, ta daina magana, ta daina abin da take so, tana guje wa mutane, alamun ciwon damuwa ne, kuma muna ganinsu da yawa bayan fitowar sakamakon jarrabawa. Kada a tsaya ga "ki yi haƙuri" kawai. Ka zauna da ita kai kaɗai, ka saurare ta ba tare da ka yi mata wa'azi ba. In abin ya wuce mako biyu a haka, ko ta fara maganar gara ta mutu, ku kai ta a duba ta, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa kuma zuwa can ba hauka ba ne. Sannan ka roƙe ta ta dawo da karatun yaran nan na zaure, ko don ta riƙa fitowa.

Alh_Garba_Kawo:
Tunda tela ne kuma tsohon ɗan masaƙa, na san irinsa. Kada ku taru ku yi masa ca, zai ƙara kafewa. Ka nemi wanda yake jin nauyi, yayansa ko limamin masallacinku ko amininsa na Kakuri. Kuma kada a je masa da "ra'ayinta", a je masa da lissafi: in ta shiga bana, shekara huɗu ta gama, tana iya yin digiri na biyu, ta koyar a kwaleji ko jami'a. Uba yana son ya ga hanya ne a gabansa.

Dr_Ummi:
In zai yarda, ni zan iya yi masa magana ta waya, ya ji daga bakin likita. Sadiq ka turo mini saƙo.

Malam_Nura_Firamare:
Baba Alhaji, ka ga ko a shawararka sai da aka ce za ta koyar a jami'a kafin maganar ta yi daɗin ji. In ta ce ita 'yan aji uku na firamare take so ta koyar har ta yi ritaya fa? A nan ne ake gina yaro ko a rusa shi, kuma a nan ne ba wanda ke so 'yarsa ta tsaya.

Alh_Garba_Kawo:
Malam Nura, a bari ta fara shiga tukuna. Ni dai na san abin da zai sa tsoho ya sa hannu.

Hajiya_Binta_UngRimi:
Har yanzu fa ba wanda ya amsa mini tambayata. Mai walda ko ma'aikacin banki? Ustaz, Malam Nura, Mubarak, ku da kuke da 'ya'ya mata ko ƙanne, ina jiran ku.

Fati_Injiniya:
Hajiya ni zan amsa a madadin ƙanwata, mai walda, in yana da hali mai kyau. Amma ba ni ce waliyyiya ba, kuma na san abin da kawunnanmu za su ce.